Shekarar da Na Koyi Tuƙa Tuwo

Kara-Kara, Damagaram

Zuwa ga ɗana Laminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko a tashar mota ka buɗe ta, ko a Yamai, ko sai jirgi ya ɗaga da kai. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sauke ka Kanada lafiya, ya sa karatun ruwan da za ka yi ya amfani garin nan namu mai ƙishi.

Na sa ta cikin jakarka ne don na san halinmu. Ni da kai in mun zauna, sai mu shanye shayi ba wanda ya ce uffan, kowa ya tashi yana ganin an yi hira. Innarka ce mai magana a gidan nan, ga shi kuwa shekara ta zagayo da muka kai ta makwancinta. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta. Abin da ya kamata ta faɗa maka a bakin ƙofa ya dawo kaina, ni kuwa bakina ba ya iyawa. Ka yi haƙuri da rubutun. Hannun da ya tsufa a kan siminti ba ya jin daɗin riƙe alƙalamin bik.

Ranar da ka nuna mini hoton masallacin garin da za ka, na ji daɗi ƙwarai. Ka ce da can ɗakin ajiyar kaya ne, yanzu ran Juma'a har kan titi ake yin sahu, baƙaƙe da farare, wasu ma ba cikin Musulunci aka haife su ba. Sai ka ce mini, "Baba, ka kwantar da hankalinka. Daga ɗakina sai makaranta sai masallaci. Ba ruwana da kowa." Na gyaɗa maka kai, amma tun ranar maganar nan ta ƙarshe ta hana ni sukuni. Na san ta. A bakina ka koye ta.

Ina ji a rediyo cewa addini yana ta yaɗuwa a duniya, masallatai na ƙaruwa, majami'u ma na ƙaruwa, matasa na komawa ga Allah a ƙasashen da ba mu san sunansu ba. Ni ba sai an gaya mini ba. Sa'ad da na baro Gidimuni ina saurayi na zo ina ɗaukar kwanon laka bayan magina, masallaci ɗaya ne a wannan gefen na unguwarmu, na ƙasa, wanda Malam Issa ke yi wa ladanci har yau. Kafin in ajiye aiki, lokacin da kowa ya manta sunana sai dai a ce Maso, wato magini, na sa hannu a ginin masallatai har ban san iyakarsu ba. Yanzu in an kira salla sai ka ji muryoyi na haɗuwa ta kowace kusurwa. Alhamdu lillahi, abin farin ciki ne, kuma ina fata in same shi a mizanina. Amma a cikin wannan unguwa mai masallaci a kowane lungu innarka ta yi makonni a kwance ba wanda ya san halin da take ciki. Kai ma ba ka sani ba. Ka ga ƙarshen ciwonta, ba ka ga farkonsa ba, shi nake so in ba ka.

Abin ya samo asali tun kana ƙarami, ɗan lakwal, makarantar boko. Da muka gama ginin sabon masallacin bakin titi, aka kawo wani matashin malami mai ilimi da natsuwa. Na bar tsohon masallaci na koma bayansa. Wata rana ya yi wa'azi a kan harshe, da yadda Allah ya hana mutum cin naman ɗan'uwansa. Gaskiya ya faɗa. Ban taɓa jin ya ce a rufe wa maƙwabta ƙofa ba, wannan ni na ƙara daga kaina.

Na dawo gida da zafin wa'azin a ƙirjina, na tarar da Yagana zaune a tsakar gida. Ka san ta, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta bayan gidanmu, wadda mijinta ya rasu tun kana rarrafe. Ba gidan da ba ta shiga, ba kuma abin da ke faruwa a Kara-Kara da ba ta sani ba. Tana ba innarka labarin wata da ta yi yaji, innarka na tankaɗe tana dariya.

Na ce, "Yagana, in mai kika kawo, ki auna ki tafi. In naman mutane kika kawo, ba a cinsa a gidan nan. Kada ki ƙara shigo mini."

Ta ɗora farantinta a ka. Ta ce, "Maso, ni labari nake kawowa, ba nama ba. Amma gidanka ne."

Innarka ba ta yi mini musu ba. Ta ce, "To, Malam," ta ci gaba da tankaɗenta. A makon nan na ƙara wa katangarmu tsawo. Sauran mata suka ji abin da aka yi wa Yagana, suka fara ja da baya, yau wannan gobe waccan, har ya zama sai suna ko rasuwa ke fitar da innarka, sai kuma a gaisa a zaure a juya. Ni kuwa ina ganin na tsarkake gidana. Shekaru muka yi a haka.

Laminu, ka riƙe addininka da hannu biyu, kada sanyin can ya sa ka saki salla ko ɗaya. Amma in ka ji wa'azi ya ratsa ka, ka fara auna shi a kanka kafin ka ɗora wa wani. Kuma ka lura da abin da malami ya faɗa da abin da zuciyarka ta ƙara. Sau da yawa ƙarin nan ba tsoron Allah ba ne, son a bar mutum shi kaɗai ne ya sami riga.

Ciwon ya zo da bazara, da hantsi. Tana zaune tana tankaɗe, sai na ji rariya ta faɗi. Na leƙo na ga ta karkace, bakinta ya ja gefe, tana kallona kamar mai son tambaya. Na nemo mota muka tafi asibiti. Suka ce tansiyo ne, hawan jini, ya shanye mata ɓarin dama. Bayan 'yan kwanaki suka sallame mu da magani, suka ce a rage mata gishiri da mai. Muka dawo hannu da ƙafa ba sa motsi, harshe ya yi nauyi, in ta yi magana sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci kalma guda.

Kana Yamai kana shirin jarrabawar ƙarshe. Yayarka Barira na Agadas da tsohon ciki. 'Yan'uwan innarka na can garin Dogo suna sharar gona. Kowa ya kira sai in ce, "Ta ɗan ji jiki, amma da sauƙi." Maza a masallaci suka tambaya, na ce da sauƙi. Mata biyu uku suka zo zaure, na ce tana barci, da sauƙi, suka yi addu'a suka juya, don sun san gidan Maso ba a wuce zaure. Na gaya wa kaina ina rufa mata asiri ne. Ba na son a ga yawu na zuba daga bakin matar da ta fi kowa tsabta.

Sai ga ni da murhu. Ni na gina shi da hannuna, amma ban taɓa hura shi ba. Na haura sittin ban san ana jiƙa tsamiya kafin a dama kunu ba. Na gwada sayen abinci a bakin titi, ga gishiri ga yaji ga mai, duk abin da likita ya hana. Dole na koma tukunya. Sai in tafasa ruwa in juye gari gaba ɗaya in hau juyawa da muciya. Abin da ke fitowa, ƙasa ya ƙone, sama ɗanye, tsakiya gudaji kamar tsakuwa. Innarka na kwance a tabarma ta bakin ƙofar ɗaki tana kallona. Kullum sai ta ɗaga hannun hagu tana faɗin wata kalma, "ta… ta…", in zo in durƙusa in ce, "Ruwa? Magani? Tashi za ki yi?" Ta girgiza kai, ta sake faɗa, in kasa ganewa, har hawaye su gangaro mata ta juya fuska bango. In na kawo tuwon sai ta daure ta haɗiyi loma biyu don kada in ji ciwo. Ina kallo tana ramewa. Ina share mata jiki, ina wanke zannuwanta, amma da yake juya ta na sa ta nishi, sai na riƙa barin ta a kwance yadda take. A ganina tausayi ne.

Niƙa kuwa da azahar nake kai wa, lokacin da mata suka watse daga inji, in rufe kwanon da buhu kamar mai ɗauke da kayan aiki.

Wata rana bayan la'asar na haɗu da Malam Issa ladan a hanya. Ya riƙe hannuna bai saki ba, ya ce, "Maso, an ce kai ke tuƙa tuwo a gidanka. Gaskiya ne?" Na zare hannuna na wuce. Na dawo gida a fusace. Na san bakin da ya fito da maganar.

Washegari da safe na ji sallama, kafin in amsa har an wuce zaure. Yagana ce, da wata mata a bayanta riƙe da jaka.

Na ce, "Ban ce kada ki ƙara shigo mini gida ba?"

Ta ce, "Ka ce. Ba wurinka na zo ba, wurin Dije na zo." Haka take kiran innarka.

"Wa ya gaya miki?"

"Hayaƙinka. Kullum ƙauri ke tsallako mini katanga, Dije kuwa ba ta taɓa ƙona tuwo ba. Na ga zanenta a kan igiya an shanya shi a murɗe, mace ba ta shanya haka. Mai inji ya ce kana zuwa da azahar. Mai ruwa ya ce bidon ruwan da kake saye ya ninka. Na haɗa."

"Shi ne kika yaɗa ni a unguwa?"

Ta ce, "Na yaɗa, a pampo na faɗa, a gidan suna na maimaita. In ban yaɗa ba, a ina Madam za ta ji?"

Matar da ke bayanta Madam Saratu ce, ta ƙarshen layinmu, wadda ta yi aikin jinya a asibiti har ta ajiye. Kirista ce. Shekara da shekaru muna layi ɗaya, iyakata da ita ɗaga hannu daga nesa, wani lokaci ma in kau da kai. Ta gaishe ni da ladabi ta wuce ɗaki. Ina tsaye a tsakar gida na ji innarka ta fashe da wani irin kuka da ta ga Yagana, kukan da ban ji ta yi ba ko ranar da ta faɗi. Yagana na cewa, "Yi shiru, Dije, ga ni, ai ga ni."

Can Madam ta kira ni. Sun juya innarka ta gefe. A ƙasan bayanta, inda ƙashi ke taɓa tabarma, fata ta buɗe ta zama gyambo, har ya fara wari. Ina wanke matar nan kullum ban san yana nan ba. Na zauna a ƙasa.

Madam ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Malam, matso ka gani. Ba don ka ji kunya na kira ka ba, don ka koya ne. Ni zan riƙa zuwa ina wanke shi, amma juyawa kai ne, don kai ke nan kullum."

Ta nuna mini inda zan sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, yadda zan lanƙwasa gwiwar da ta mutu kafin in juya, yadda ake tokare baya da matashi, yadda ake murza hannun da ya shanye yatsa-yatsa kada ya ƙage. Na yi ba daidai ba, ta ce sake. Na sake, ta ce sake. Ta yi ta zuwa safe da yamma har gyambon ya rufe, ran Lahadi ma daga majami'a nan take biyowa da kayan adonta. In lokacin salla ya yi ita ke cewa, "Malam, an kira, je ka, ina nan."

Ajali na Allah ne, ɗana, ban ce gyambon nan ne ya ɗauke ta ba. Amma wahalar waɗannan makonni ba dole ba ce. Kalma biyu ce ta jawo ta, "da sauƙi." Don haka in ka yi ciwo a can, ka faɗa. In kewa ta danne ka, ka faɗa. In na kira ka kada ka ba ni amsar da na ba ka. Kuma za ka zauna cikin mutanen da ba addininku ɗaya ba, wasu ma ba su da ko ɗaya. Ba na ce ka bi su ba. Na ce ka gaishe su, ka san sunayensu, ka ɗauke wa tsohuwarsu kaya. Ba ka san hannun da Allah zai aiko maka ba.

Daga ranar nan gidanmu ya cika. Maganar da Yagana ta yaɗa ta shiga ko'ina. Wannan ta aiko da kunu, waccan ta zo ta yi wanki, wata ta yi wa innarka kitso. Ƙanwar innarka ta ji a kasuwar Dogo ta bar gona ta zo ta yi kwanaki. Amma kowace mace da gidanta da 'ya'yanta, na san ba za a ɗore a haka ba. Na sami Yagana, kaina a ƙasa, na ce ta koya mini tuwo.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta ce, "Ɗora tukunya."

Ruwa ya tafasa, na ɗauko gari zan juye, ta buge mini hannu da ludayi. "Kai, Maso! Talge tukuna! Ka dama ɗan gari da ruwan sanyi ka zuba, ka bar shi ya dahu, sannan ka riƙa barbaɗa sauran kana tuƙawa."

Talge. Na juya na dubi innarka a bakin ƙofa. Tana gyaɗa kai, tana gyaɗa kai, idonta cike da hawaye. Kalmar da ta yi makonni tana ƙoƙarin faɗa mini ke nan. Na ajiye kwanon na fita zaure, na daɗe ban dawo ba.

Koyo da furfura ba daɗi. Hannuna ya saba da nauyin bulo, amma muciya ta gajiyar da ni. Na sha ƙona yatsu, hayaƙi ya sha sa ni kuka, mata na zaune suna kallo suna ba ni umarni uku a lokaci guda. Na koyi kaɗa miyar kuka da maburgi ba ta yi gudaji ba, na koyi yadda daddawa ke rufe rashin gishiri, na koyi kwashe tuwo da mara a jiƙe. A fada, inda maza ke zaman hira, wasu suka riƙa yi mini ba'a, suna tambaya ko ina karɓar aikin biki. Da farko abin na ci mini rai, daga baya ni ma na riƙa dariya. Ranar da tuwona ya fara yin daidai, da damina ne, ana yayyafi. Na ba innarka loma ta farko, ta tauna a hankali, ta buɗe baki na ƙara mata. Ta cinye malmala guda. Sannan ta kama hannuna da hannunta mai rai ta ce, "Ya yi." Na gina gidaje masu bene a garin nan, ba wanda ya taɓa yaba mini na ji abin da na ji ranar.

Kai mai ilimi ne, tun kana yaro kake zuwa na ɗaya. Irinku sun fi kowa jin zafin a ga ba su iya ba. A can za ka zama baƙo, ba ka san yadda ake shiga motarsu ba, ba ka san tufar sanyinsu ba, ƙila ma a yi dariyar yadda kake magana. Ka yarda ka zama ɗan koyo. Ka tambaya, a yi maka dariya, ka sake tambaya. Kuma kada ka raba aiki ka ce wannan na mata ne ko na ƙananan mutane. Ka koyi dafa abin da za ka ci tun yanzu, kada ka jira sai wanda kake ƙauna yana kwance yana kallonka da yunwa.

A wannan hali ka zo hutu ka same mu. Ka ga gida cike da mata, ka ɗauka haka yake tun farko. Ka tuna ka ja ni gefe ka ce, "Baba, surutun nan ya yi yawa, gulma ce kawai suke yi a kan mara lafiya"? Na ce maka bar su. Ban yi maka bayani ba, ga shi yanzu.

Na lura duk maganin da ake ba innarka ba wanda ke buɗe mata fuska kamar zuwan Yagana. Ta zauna ta fara, wance ta haihu, wane ya dawo daga Libiya hannu wofi, 'yar gidan wane ta ci jarrabawa, akuyar wance ta shiga gidan liman ta cinye zogale. Sai ka ga idon innarka ya dawo, tana dariya da rabin baki. A cikin surutun nan ne kuma na ji ana cewa tsoho wane kwana biyu ba a gan shi a masallaci ba, a aika a duba. Wance ta daina zuwa pampo, ƙila mijin ya hana ta, a je a gani. Yaran gidan wane sun rame, a san dabarar da za a kai musu hatsi ba tare da uban ya ji kunya ba. Ashe ƙirga mutane suke yi, su ga wa ya ɓace.

Ba na wanke gulma, Laminu. Akwai maganar da ke tuɓe mutum a kasuwa, wadda mai yin ta ke jin daɗin faɗuwar wani. Wannan haramun ce, ka guje ta, Yagana ma takan zame ta faɗa ciki, kuma na sha ce mata ta bari. Amma akwai maganar da ke ƙarewa da "to, me za a yi masa?" In ka ji ana zancen wani, ka jira ka ga inda za a sauka. In an sauka a dariya kawai, tashi. In an sauka a ƙofar gidansa da kwano, zauna, ka sa naka.

Bayan ka koma Yamai, in mata sun watse sai mu rage mu biyu. In zauna kusa da ita shiru yadda na saba. Wata rana ta ja rigata ta ce, "Labari." Na duba cikina kaf ban sami ko ɗaya ba. Shekara talatin da wani abu muna tare, ban taɓa dawowa gida da labari ba. Wannan shi ne abu na ƙarshe da na koya, kuma ya fi tuwo wuya. Na fara zuwa tsohon masallaci yin azahar, in zauna a fadar tsofaffi da ke gindin itacen bedi a gefensa, in kasa kunne, in dawo in ba ta. Amma ban iya ba da labari ba, nakan fara da ƙarshe, kuma duk abin da na kawo sai in tarar Yagana ta riga ni. Innarka ta saurara har in gama, sannan ta ce, "Na ji." Mu yi dariya.

Ranar da za ta rasu ta tashi da sauƙi na gaske. Ta sha kunu, na juya ta, Yagana ta zo ta zauna, na tafi azahar. Malam Issa ya kira salla, sai ya manta bai kashe amsa-kuwwa ba. Ka san ta tsohon masallaci ba ta da ƙarfi, iyakarta gindin bedi da 'yan rumfunan da ke kewaye. Muna alwala sai muka ji muryarsa a sama yana ce wa liman, "Malam, ni fa zaman kaɗaici ya ishe ni. Ka je mini wurin Yagana. Na san bakinta ba ya hutawa, amma ni gidana shiru ne ya yi masa yawa." Liman ya ce, "Ita ta sani?" Ya ce, "Ina fa! Ka rufa mini asiri, kada kowa ya ji." Fada ta kwashe da dariya, mai shayi har da faɗuwa daga benci.

Ana sallamewa ban tsaya addu'a mai tsawo ba, Allah ya yafe mini. Na kamo hanya ina sauri kamar yaro. Yau ni ne da labari, na riga Yagana, kuma a kanta ne. Ina tafe ina shirya yadda zan ba da shi daga farko, yadda zan kwaikwayi muryar Malam Issa, inda zan dakata in bar innarka ta yi dariya. Ina ta murmushi ni kaɗai a hanya.

Na shiga zaure na ji gidan tsit. Takalman Madam Saratu na bakin ƙofa. Yagana na zaune a ƙasa ta jingina da bango, ta rufe fuska da mayafi. Ta ɗago ta ce, "Maso, sai haƙuri. Ina cikin ba ta labari ta yi salati, ta yi shiru. Na ɗauka barci ne."

Na shiga na durƙusa, na kama hannun da nake murzawa kullum. Da sauran ɗuminsa.

Sauran ka sani, kai da Barira kun iso an riga an kai ta. Ka kuma san an ɗaura auren Malam Issa da Yagana bayan babbar salla. Labarin amsa-kuwwar nan ba wanda bai ba da shi ba a Kara-Kara, ban da ni. In an fara shi a fada sai in tashi. Nata ne, ban samu na ba ta ba. Yau na ba ka, daga farko har ƙarshe, yadda na shirya shi a hanya. In ka yi dariya ba laifi, da ita ma ta yi.

Ka je, ɗana. Kada ka damu da ni, ina dafa abin da zan ci, kuma in na makara fitowa asuba kafin hantsi unguwa ta ji, an turo a duba. Kai nake ji. Ka yi salla cikin sahun nan mai tsawo, in an sallame kada ka ɗauki takalmi ka gudu. Ka tsaya a san fuskarka, a san ɗakin da kake, har ya zama in ba a gan ka ba wani zai ce ina yaron nan na Nijar. In ka kira ni kuma, ka zo mini da labari, ko na banza ne. Zan saurara har ka gama.

Allah ya kiyaye ka a sama da ƙasa, ya tsare maka imaninka da lafiyarka, ya raba ka da sharrin mutum da na kaɗaici. Allah ya sa mu sake ganawa, in kuma bai ƙaddara ba, ya haɗa mu da innarka a inda ba a rabuwa. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sanusi Maso